Ciyawar Baffa Illo

"Ku ɗaga! Gaba ɗaya, ku ɗaga!"

Maza huɗu suka cije leɓe, suka ɗaga taɓaren da suka zura a ƙarƙashin cikin saniyar. Ta taso rabi, ƙafafunta na baya suna rawa, sai gwiwoyin suka lanƙwashe, ta koma ƙasa rim a gindin turke. Ta miƙa wuya bisa turɓaya tana fitar da numfashi da ƙyar.

Na'Allah ya saki taɓaryar, ya share gumi da hannun riga. Tun shekaranjiya ake wannan fama. Shi mahauci ne ɗan mahauci, a unguwar Ƙofar Taramniya aka haife shi, cikin ƙarnin jini da fata ya girma, ya kuma san abin da ake yi wa dabbar da ta kwanta ta ƙi tashi.

Jinaidu, abokin sana'arsa da suke rumfa ɗaya a kasuwa, ya dube shi ya ce, "Yi abin da za ka yi tun da sauran rai gare ta. In ta mace hakanan, ungulu kaɗai ka yi ma aiki."

"Ciki gare ta, Jinaidu."

"Na gani. Cikin ma bai tsira in uwar ba ta tsira ba."

Na'Allah ya waiwaya wajen ɗakin girki. Matarsa Karimatu tana tsaye a bayan zana saboda maza, ba a ganin komai nata sai yatsun da ta riƙe bakin zanar da su. Bai buƙaci ganin fuskarta ba.

Daminar bara ba ta yi ba. Gero ya tsaya iyakar gwiwa ya ƙone, gulbi bai cika fadama ba, shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanya. Naman da ake kawowa kasuwa ya koma jijiya da ƙashi, masu saye kuma hatsi suke nema, ba tsoka ba. Cikin dabbobin da Na'Allah ya mallaka, wannan farar gudale mai gajeren ƙaho ce kaɗai ta rage, ita ma don Karimatu ta roƙa a bar ta ne. Ya riga ya gaya mata cewa ranar da saniyar nan ta tafi, shi ma zai bi fataken shanu zuwa Kano, inda aka ce jirgin ƙasa na Nasara yana kwasar dabbobi zuwa kudu, ana samun aiki. Karimatu ba ta yi masa gardama ba. Ta dai ce wanta ma haka ya faɗa, ga shi har yau ko saƙon gaisuwa babu.

Ya zare wuƙa daga kube, ya gwada kaifinta a babban yatsa.

"Mai da ta kube, ɗan fawa."

Muryar daga gefen danga ta fito, inda akwai wata kafa tsakanin gidansa da na maƙwabcinsa. Baffa Illo ne, dafe da sanda, ƙafafunsa a kumbure kamar an hura su. Tun kaka yake kwance, har an daina ganinsa a masallaci.

"Baffa, mi yaf fito da kai cikin rana haka?" in ji Na'Allah.

"Ihunku. Awa masu ɗaga giwa."

Tsohon ya tako a hankali, ya durƙusa a gaban saniyar da taimakon sandarsa. Ya buɗe fatar idonta ya duba, ya taɓa hancinta, ya sa hannu a bakinta ya shafa harshe. Ya kai fuskarsa kusa ya shaƙi numfashinta. Daga nan ya ɗauki kashinta, ya murza a tafin hannu, ya ga busassun sillaye da ba su narke ba. Sai ya nuna tarin ciyawar da ke jingine a bango.

"Wanga mi na?"

"Ciyawa."

"Wa yac ce maka?"

Na'Allah ya ɗan daure fuska. "Kyasuwa ta, da tofa. Ita aka samu kasuwa. Mai kyau duk bariki aka kai ta, dawakin Nasara ka cin ta."

"Kyasuwar da tay yi kai tab bushe tsaye, danga aka yi da ita. Tofa ko jinka aka yi da ita. Ka ba baiwar Allah danga da rufin ɗaki ta ci, kana mamakin ba ta tashi ba."

Mazan suka kwashe da dariya, har da Jinaidu. Illo bai yi ba. Ya ɗora hannu a kan tozon saniyar da ya zube gefe guda kamar tsohuwar hula.

"Babu ciwo gare ta," ya ce. "Yunwa ta, da ciki cike. Ba ni ita 'yan kwanaki. In ba ta tashi ba, ni ka riƙe maka ƙaho."

Na'Allah ya daɗe yana kallon wuƙar. Ya san Illo tun yana yaro, amma da damin ciyawa a kai ya san shi, yana zagaya gidajen masu dawaki. Manya ne suka ce a da ba haka yake ba. Bafulatani ne mai garke, wanda shanunsa ke cika gefen gulbi in sun sauko shan ruwa. Annobar shanu da aka yi tun kafin zuwan Nasara ta share masa su a damina guda, ya shigo birni da matarsa Iyatu da ɗansu Ladan, ya kama lauje. Da Nasara suka ci garin, Ladan ya bi masu hijira gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tun daga lokacin, daga tsoho sai tsohuwa a gidan.

Wuƙa ta koma kube.

Ranar, Illo ya zauna a inuwar bango yana ba da umarni kamar sarki. Dusa kam ba a maganarta, don bana mutane ke cin ta. Ya sa Na'Allah ya fita bayan ganuwa ya tsinto 'ya'yan gawo, aka daka su. Karimatu ta fito da ɗan guntun harawar da ta ɓoye wa akuyarta a kan rumfa. Aka jiƙa kanwa a ruwa. Ya ce a riƙa juya saniyar daga wannan gefe zuwa wancan, kada jini ya kwanta mata. Ta sunsuna harawar, ta ja da harshe, ta tauna a hankali.

"Wanga riƙon rai na kawai," in ji Illo. "Abin da ka tashe ta shina fadama. Gobe mu tahi."

Iyatu, wadda ta leƙo ta kafar danga da tsintsiya a hannu, ta ce, "Mu tahi? Kai da wa? Kai da ba ka iya kai kanka masallaci?"

"Jaki ka kai ni."

"Jakin shi ka mai da kai in ka faɗi?"

"In na faɗi, ga mahauci nan, ya saba ɗaukar nama."

Iyatu ta yi tsaki ta koma. Amma da gari ya waye, ita ce ta miƙo goran ruwa da ɗan ƙullin fura, ta kuma ɗaura wa mijinta malfa da hannunta, ta ja igiyar har ya ce za ta shaƙe shi.

Na'Allah ya aro jaki, ya ɗora tsohon, ya riƙe shi da hannu ɗaya. Suka ratsa gari, suka wuce ta Hubbare inda masu ziyara ke zaune a gindin bango, suka fita ta ƙofar arewa suka gangara. Fadamar da Na'Allah ya sani kore shar a kowane lokaci, yanzu ta ƙandare, ƙasa ta tsattsage har ƙafar jaki na faɗawa.

Amma Illo tun da iskar fili ta buge shi ya zama wani mutum. Ya miƙe zaune, idanunsa suna yawo.

"Tsaya. Ga gamba can, inda wuta tac ci. Ka ga tohon da ka fitowa cikin toka? Tsinko."

Na'Allah ya tsinko, ganye mai laushi kamar kunnen ɗan akuya.

"Gamba awa mutum take. Tana ƙarama, nono ta. In ta tsufa, sanda. Maraƙin da yac ci wagga, wata guda ka ga bayanai ya shafe. Wanda yac ci tsohuwar, sai ciki awa tulu, ƙafa awa kara."

Haka suka yi ta tafiya, yana nuna masa harkiya da ta bushe a kwance, wadda ya ce ko a bushe shanu na lasar ta har ƙasa. Da ƙarangiya mai ƙaya, wadda ya ce kada a raina ta, ita ke riƙe garke a tudu. Da wata doguwa mai kaushi da ya ce ko jaki sai ya rasa yake kallon ta. Na'Allah, wanda duk rayuwarsa abu biyu ya sani, ɗanyar ciyawa da busasshiya, ya riƙa jin kamar an shigar da shi wata unguwa da yake wucewa kullum bai san da mutane a ciki ba.

Can bayan wasu goruba suka iske wani ɗan tafki da bai ƙafe ba. A bakinsa akwai koriyar ciyawa mai kaurin kara, ta kwanta a kan ruwa, ba ta fi faɗin tsakar gida ba.

Illo ya ƙura wa ciyawar ido. Sa'an nan ya ce, "Alhamdu lillahi. Tana nan. Sauke ni."

Ya zauna a kan tudun laka, ya sa Na'Allah ya yanko masa kara ɗaya, ya karya biyu ya miƙa masa rabi. "Tauna."

Na'Allah ya tauna. Zaƙi ya cika masa baki, kamar takanɗa.

"Burugu ke nan. Da, tun daga nan har inda idonka yat tsaya, ita ta. Shanuna sun shiga da rani ƙashi da fata, su fito kitse na rawa. Saniyar da tac ci burugu ba ta ɓarin ciki, nononta kuma sai ƙwarya ta cika. Yanka."

Na'Allah ya riƙe lauje bai motsa ba.

"Baffa, ban ba ta wagga."

"Don mi?"

"Na san shanun fadama. Ni ka buɗe su. Waje kitse, amma in ka fiddo hanta sai ka ishe ta ta yi tauri, cike da wasu tsutsotsi shimfiɗaɗɗu awa ganyen tsamiya. Hantar nan ko kare sai ya yi shawara. Shanun tudu ba su da su. Duk wadda nif fasa nig gani, in na tambaya, sai a ce fadama tay yi kiwo."

Ya yi zaton tsohon zai yi fushi. Sai ya ga ya cire karan daga bakinsa, yana kallon ruwa.

"Ƙasan haɓarsu na kumbura?"

"Yana kumbura."

"Su yi ƙiba, daga baya su lalace, ba zawo ba tari?"

"Haka."

"Allahu akbar," in ji Illo a hankali. "Shekara nawa ina binne irin su. Mun ce iskokin gulbi na. Ashe abin cikin hanta shike." Ya dubi Na'Allah kamar yau ya fara ganinsa. "Ni daga waje nis san su. Kai daga ciki. Zamna, ɗan fawa, mu yi shawara."

Suka zauna a inuwar goruba, suka dama furar Iyatu. Illo ya tuna cewa shanun da suka fi kamuwa su ne masu kutsawa cikin ruwa suna cin ciyawar har gindi. Na'Allah ya tuna cewa ragunan da ake turkewa a gida, ana ba su yankakkiyar ciyawar fadama da ta sha rana, hantarsu lafiya lau take fitowa. Abin, ko mene ne shi, a wajen ruwa yake, kuma ba ya son rana. Suka tsaya a kan cewa za a yanki saman kawai, a bar wanda ruwa ya taɓa, a kuma shanya kafin a ba ta.

Da Na'Allah ya gama ɗaure dami, Illo ya ce, "Saura ɗaya. Ciro dogayen kara masu gaɓa, ka bi bakin laka, ka kwantar da su, ka taka da ƙafa."

"In yi mi?"

"Ka shuka."

"Ciyawa? Baffa, wa yat taɓa shuka ciyawa? Mutane na noma don su kashe ta."

"Dangin uwata, can bakin gulbin Kwara, suna yi. Kowace gaɓa saiwa ta. In ka yanka kullum ba ka mayar ba, kafin ruwa shi zo ka cinye ta, kai da saniyarka. In ka shuka, ruwa na tasowa tana bin shi."

A can gefe akwai wasu masu lambun albasa suna ban ruwa. Da suka ga ƙato, mahauci sananne, ya naɗe wando yana dasa ciyawa a laka, sai suka dafa ƙugu. Ɗayansu ya ɗaga murya, "Na'Allah! In ta nuna a kira mu biki, mu zo da lauje!" Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi zafi. Amma ya waiwaya ya ga tsohon a zaune, malfa ta karkace, yana murmushi da 'yan haƙoran da suka rage masa, sai ya sunkuya ya ci gaba.

Tun daga ranar, kullum da sassafe Na'Allah yana fadama. Ya yanki na yanka, ya dasa na dasawa, ya tsinko tohon gamba a hanya, ya dawo ya shanya a tsakar gida. Saniyar ta fara ɗaga kai in ta ji motsinsa. Ta fara tuƙa. Idonta da ya faɗa ya ciko. Wata ranar Laraba da hantsi, yana rumfar kasuwa, aka zo aka ce ya yi maza gida. Ya taho da gudu, tun daga zaure ya jiyo guɗa. Ya shiga ya iske gudale a tsaye da ƙafafunta huɗu, tana lasar bango, Karimatu kuwa tana dariya tana share hawaye da bakin zane.

Ya juya zai kira Illo, sai ya tuna. Tun dawowarsu daga fadama tsohon bai sake fita ɗaki ba. Kumburin ya hau har ciki, numfashinsa ya koma gajere.

Na'Allah ya ratsa ta kafar danga, ya tsuguna a ƙofar ɗakin ya ce wa Iyatu, "Inna, ni nij ja mashi. Da ban kai shi ba."

Iyatu tana kaɗin zare, ba ta ɗago ba. "Bar wagga magana. Tun kaka ban ji dariyatai ba sai ranar. Ya dawo yana ba ni labarin burugu har na gaji. Ciwon nan da shi da tafiya da zama duk ɗaya na. Shiga, ya ji guɗa, shina jiranka."

Ɗakin da duhu, yana ƙamshin hayaƙi da man shanu. Illo yana jingine da bango.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baffa."

"To, na huta da riƙon ƙaho."

Bayan 'yan kwanaki Jinaidu ya zo da labarin cewa fatake za su tashi ranar kasuwa mai zuwa, shi ya ɗaure kayansa, yana so ya ji ko Na'Allah na nan a kan bakansa. Saniya ɗaya, in ji shi, ba ta riƙe gida. Na'Allah ya ce zai yi tunani. Maganar gaskiya ce, ya kuma san gaskiya ce. Ya kwana biyu yana jujjuya ta, Karimatu tana kallonsa ba ta tambaya.

Da la'asar ya shiga wurin Illo, ya zauna, ya faɗa masa.

Tsohon ya dube shi. "Ladan ma nan yaz zamna, inda kake," ya ce. "Ban hana shi ba. Ya ga abin da yag gani, ya tahi don addininai. Kai ma ban hana ka. Namiji ba a ɗaure shi da turke." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Amma ka duba. Bana kowa ramammu gare shi, yana neman wanda ka karɓa. Kai ka san wadda ƙashinta ka ɗaukar nama, tun tana tsaye. Yanzu ka san abin da ka sa naman. Mutum biyu na, mai ciyawa da mai wuƙa, ba su cika zama cikin riga ɗaya ba."

Na'Allah ya tashi ya koma gida. Ranar da fatake suka tashi, ya raka Jinaidu har bakin ƙofa, suka yi sallama, suka yafi juna. Jinaidu yana da wani ɗan bijimi da ya rame har ba zai iya tafiyar ba, ya ce ya bar masa shi, in ya rayu su raba. Na'Allah ya jawo shi gida, ya kafa turke na biyu. Karimatu ta fito ta dubi bijimin, ta dubi mijinta, ta koma ɗaki. Ranar tuwon da ta tuƙa ɗan kaɗan ne kamar kullum, amma ta sa masa man shanun da take ta ɓoyo.

Zafi ya tsananta, gajimare suka fara taruwa a gabas suna watsewa. Wata Alhamis da azahar iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya taso tun ruwan bai iso ba. Iyatu ta leƙo ta ce tsoho na kira, kuma ya ce a zo masa da saniyar.

Kafar dangar ba ta isa ba, sai da Na'Allah ya kwance zana guda. Ya jawo gudale har ƙofar ɗaki, shi da Iyatu suka tallabo Illo suka zaunar da shi a bakin ƙofa. Saniyar ta sunkuyar da kai ta hura masa iska a ƙirji. Illo ya ɗaga hannu, ya bi haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya, ya matsa gindin wutsiya, ya kama tozon da ya fara miƙewa. Sa'an nan ya manna tafinsa a gefen cikinta na dama, ya rufe ido.

"Shina motsi," ya ce. "Kawo hannunka."

Na'Allah ya ɗora hannu kusa da nasa. Ya ji wani abu ya tokare shi daga ciki, ya janye, ya sake tokarowa. Shi da ya fasa cikin shanu ba adadi, bai taɓa jin wannan ba.

"Ka ji ni da kyau," in ji Illo. "In sabuwar ciyawa ta fito, kak ka sake ta ta cika ciki, ruwa na zalla, zawo za ta yi. Fara ba ta busasshiya da safe. Kyasuwa ko, in ta kai ƙugu, tun ba ta yi kai ba, yanke ta ka shanya a inuwa. Ita ka riƙe maka su da rani."

"Kyasuwar da kaz zaga?"

"Ban zage ta ba. Kai niz zaga."

Iyatu ta yi dariya, ta juya baya da sauri. A lokacin ɗigon farko ya faɗo a kan jinka, na biyu a kan bayan saniyar, fatarta ta girgiza. Suka ce za su mayar da shi ciki, ya ce a ɗan bar shi. Ya zauna yana kallon ruwan yana dukan tsakar gida har ƙasa ta yi duhu, kwata ta fara gudu.

Washegari da hantsi Na'Allah ya dawo daga fadama da dami a kai, yana ɗokin ya gaya wa Illo cewa karan da suka dasa ranar farko sun yi toho a kowace gaɓa. Tun daga nesa ya ga maza a tsaye a ƙofar gidan tsohon. Ya sauke damin a hankali.

Iyatu ta ce ta dama wa Illo kunu, ya kurɓa sau biyu, ya ce a buɗe masa ƙofa ya ji iska. Ta je ɗauraye ludayi, tana jin shi yana salati ƙasa-ƙasa. Da ta dawo ya riga ya tafi, fuskarsa a wajen ƙofar.

Na'Allah na cikin waɗanda suka yi masa wanka, yana kuma cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Ruwan jiya ya jiƙa ƙasa, magirbi yana shiga ba wuya. Mutane sun taru fiye da yadda ya zata: masu dawakin da ya yi wa yankan ciyawa, 'yan unguwa, da wasu tsofaffin Fulani da ba wanda ya san yadda labari ya kai musu. Har mai albasar nan da ya yi masa ba'a ya zo. Da aka shafa fatiha, ya matso kusa da Na'Allah, ya yi masa ta'aziyya, sa'an nan ya tambaya da murya ƙasa ko karan nan a kwance ake dasa shi ko a tsaye.

Damina ta zauna. Gulbi ya cika ya malala, burugu ta bi ruwa tana tasowa, ta rufe tafkin ta wuce goruba. Ba ta kai inda ido ya tsaya ba, amma ta kai inda mutum zai gaji da yanka. Bijimin Jinaidu ya murje har yara suna tsayawa kallonsa ta zaure. Da gero ya fara fitar da kai, gudale ta haifi maraƙa mai ɗigon baƙi a goshi.

Sai dai wata matsala ta taso. Karimatu 'yar birni ce, ba ta taɓa tatsa ba. Duk lokacin da ta matso da ƙwarya sai saniyar ta kai mata harbi. Na'Allah ya gwada, ta zubar da shi da ƙwaryar gaba ɗaya. Hantsarta ta cika ta yi tauri, maraƙar ba ta iya shanyewa.

Iyatu tana takaba, ba ta fita. Tun rasuwar ba ta cika magana ba, abincin da Karimatu ke kai mata ma sai ta taɓa ta rufe. Karimatu ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, mun kasa. Ko za ki duba muna ita?"

"Hannuna ya manta," in ji Iyatu. "Rabona da nonon saniya tun kina goye."

"Ko kallo ki yi, ki gaya mani inda nika kuskure."

Da safe Na'Allah ya jawo saniyar zuwa tsakar gidan Iyatu, maraƙar na biye tana tsalle. Iyatu ta fito ta tsaya daga nesa, hannuwanta a cikin mayafi. Ta ce a saki maraƙar ta fara sha. Ta ce a janye ta, a ɗaure ta a gaban uwar inda za ta riƙa lasar ta. Karimatu ta matso da ƙwarya, saniyar ta ɗaga ƙafa.

"Ba haka ba," in ji Iyatu. "Kina zo mata awa mai bin bashi. Kawo."

Ta karɓi ƙwaryar, ta tsuguna, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta. Ta yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ta faɗi wasu kalmomi da Fulatanci waɗanda ba wanda ya gane. Saniyar ta juyo da kunne, ta sauke ƙafar. Tsohuwar ta jingina goshinta a jikin cikin mai ɗumi, ta rufe ido, yatsunta suka kama.

Nonon ya fara sauka a ƙasan ƙwarya, tsir, tsir, siriri, daga baya sautin ya yi kauri, kumfa ta fara tasowa.